Kwallin Tanti Saha

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanena. Masu cika min waya da “ina ci gaba, ina ci gaba”, na ji, kunnena ya ɗauka. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni gida da muciya, ajiye muciyarki ki gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa ya matso in gaya masa inda muka kwana.

Zouera dai tana aiki a gefen Lyon ta ƙasar Faransa, a kamfanin da ke haɗa siraran bututun da likitoci ke zura wa bakwaini a jijiya. Ɗakin aikinsu salle blanche suke ce masa, ba mai shigarsa sai ya rufe jikinsa ruf tun daga gashi har tafin ƙafa. Ba hoda, ba jan baki, ba turare, ba ɗan kunne. Zouera ce aka ɗora a bakin ƙofa tana duba fuskar kowa a tawagarsu kafin ya wuce. Ranar Alhamis aka ga baƙin gari a cikin bututun da suka haɗa, aka tsayar da aiki. Madame Lina, mai kula da ingancin kaya, ta ce abin kwalliyar ido ne, kuma ranar Litinin sai an fitar da mai shi. In ba a same shi ba, mai tsaron ƙofa ce za ta amsa.

To mu je.

Ranar Lahadi Zouera ta shiga jirgin ƙasa na safe, kafin azahar tana Stains, gefen Paris, a gidan Hajiya Ameena mai kanti a Belleville. Sunan jikan Hajiya ake yi, kuma wannan ba gidan da Zouera za ta aika da uzuri ba ne. Nan ta sauka shekarun baya da ƴar jakarta, ba ta san kowa a Paris ba. Hajiya ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin ƴaƴanta, ta ci da ita ta sha da ita har ta tsaya da ƙafarta. Shi ya sa da Hajiya ta ce a nema wa ƙanwarta Sahadatou aiki, Zouera ba ta yi nauyin baki ba, ta kai sunanta kamfani, ta tsaya mata har aka ɗauke ta na wucin gadi a tawagarsu.

Falo ya cika maƙil da mata. Ƙamshin turaren wuta da na dambu sai kokawa suke, yara suna bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Zouera ta durƙusa ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi jariri ta yi masa addu’a, ta samu gefen kujera ta zauna. Duk wanda ya gan ta da leshinta da murmushinta ba zai ce gobe aikinta na kan siraɗi ba. Ita kam hankalinta a kwance yake, don ta san abin da ta sani: ba wata mai kwalliya da ta taɓa wuce ta a ƙofar nan.

Sai mai jego, Nuriyya, ta miƙa wa Sahadatou waya.

“Tanti Saha, dubi abin da Inna ta rubuto daga Maradi, karanta muna kowa ya ji.”

Tanti Saha ta karɓa. Ta kawo wayar kusa da hanci. Ta miƙe hannu ta kai ta nesa. Ta ƙanƙance ido, ta sake dawo da ita kusa. Can ta yi dariya ta mayar.

“Ke dai karanta, kun san ni da ƙananan rubutun nan.”

Mata suka yi dariya aka wuce wajen. Zouera ce kawai ba ta yi ba. Matar da ke yini tana manna bututun da bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ita ce ba ta ganin rubutun waya?

Nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta. Ta ɗaga kai ta dubi ƙanwar Hajiya tsakiyar ido.

Ku tsaya ku ji inda gizo ke saƙar. A bakin ƙofar salle blanche, Zouera ba ta da sani ba ta da sabo. Bafaranshiya ce, Balarabiya ce, ƴar Kwango ce, sai ta ɗaga haɓa an leƙa gira da gashin ido, wata har kuka Zouera ta taɓa sa ta saboda ɗigon hoda. Amma in layi ya kawo kan Tanti Saha, sai ƴar Maradin da ke cikinta ta motsa. Ta sunkuyar da kai, ta ce “Tanti ina kwana”, ta dubi takalmi da safar hannu, ta matsa ta ba ta hanya. Ina ita ina ƙura wa babba ido? Ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ta bar aikinta ba, ita a wajenta tarbiyya ce.

Yau da ta duba, idanun jajur suke, suna ƙyallin ruwa. Can cikin fatar ido ta ƙasa kuma ga baƙin layi ya zauna daram.

Ta miƙe ta je ta rusuna kusa da ita.

“Tanti, in kin ba ni izini ina son magana da ke.”

“Yanzu? Ba ki ga ana rabon abinci ba?”

“Yanzu, Tanti.”

Suka shiga ɗakin da aka jibge rigunan sanyi na baƙi a kan gado. Zouera ta tura ƙofa.

“Tanti, ki gahwarce ni. Wanga kwalli ne a idonki.”

“To, sai mi? Yau ranar suna ce. Ke ma ga jan baki nan kin shahwa.”

“Nawa ruwa da sabulu za su hidda shi kahin in kwanta. Naki ba na yau ba ne. Ya zauna.”

“Zouera, ni kike tuhuma?”

“Tambaya nike, Tanti.”

“Tun kina yawo da ɗan kamfai na san ki!”

“Awo, kin san ni. Shi ya sa kin san in na tambaya ba ni tashi sai na ji amsa.”

Tanti Saha ta juya baya, ta hau gyara rigunan mutane da ba wanda ya sa ta. Ta ɗauki wannan ta ninke, ta ajiye, ta sake ɗauka.

“Abin da suka hana maquillage ne,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Hoda, jan baki, jan ƙumba. Na bar su duka. Tozali kuwa magani ne. Kakanninmu da shi suka tsuhwa da idonsu garau. Kuma sunna ne, ke ma kin sani.”

“Ban musa ba. A gida ki sa sahe da marece, ni da kaina zan riƙe maki madubi. Amma cikin salle, Tanti? Yaushe kike sawa? Da sahe ko ban dubi idonki ba, wani zai gani a vestiaire, wajen sauya kaya.”

Tanti Saha ta ci gaba da ninke riguna.

“Tanti.”

“Lokacin pause, in an ba mu hutu. In na shiga bayi.”

“Sannan ki dawo ki wuce ta gabana.”

“Ke ai ba ki duba na.”

Maganar ta daki Zouera, don gaskiya ce tsagwaronta. Kunya ta kama ta, haushin kanta ya kama ta.

“Gaskiyarki. Wanga laihina ne, zan zo kansa. Yanzu ki gaya mini yadda ya kai cikin bututu. Akwai tabarau na kariya a idonki, akwai takunkumi.”

Tanti Saha ta zauna a bakin gado.

“In na daɗe ina leƙen madubin nan na ƙara girma, sai ido ya cika da ruwa. Komi ya zama hazo. Sai in ɗan ɗaga tabarau in goge.”

“Da mi?”

“Da bayan safar hannu.”

“Safar da kike riƙe bututun da ita.”

“Sau ɗaya ne ko biyu…”

“Tanti!”

“To kullum ne! Kin ji daɗi? Kullum ne!”

Sai hawaye, shaaa, baƙi wuluk a kan kumatu. Duk zafin da Zouera ta shigo da shi sai ya sauka, tausayi ya maye wurinsa. Ta zaro tsumma a jakarta ta miƙa mata, ta durƙusa a gabanta.

“Tun yaushe idon ya soma?”

“Tun shigowar sanyi. Na gaya wa Inna, ta aiko mini da tandu ta hannun wani ɗan kasuwa. Ta ce na dutse ne mai kyau, sati guda ido zai washe.”

“Ya washe?”

Ta girgiza kai.

“To mi ya hana ki zuwa likita? Ga likitan kamfani kyauta.”

“In je ya rubuta ba ni gani? Ni intérim ce, ta wucin gadi, Zouera, ba irinki ba. Ranar da ya rubuta, ranar aiki ya ƙare. Wata mai kamawa ina da rendez-vous a préfecture don sabunta takardar zama, in ba aiki ba takarda. Ɗiyana biyu suna lakwal, suna karatu a Maradi, da wanga aiki suke ci. Ki gaya mini inda zan sa kaina.”

“Tandun yana ina yanzu?”

Tanti Saha ta kau da kai.

“Na rabu da shi.”

Zouera ta yi ajiyar zuciya ta miƙe. Ita mace ce da in ta ga bakin zaren matsala, rabin damuwarta ya tafi. Tun a tsaye ta gama tsara komi a kanta.

“Share hawayenki, ki saurare ni. Gobe da sahe ni da ke za mu shiga biron Madame Lina, ofishinta, tun ba ta neme mu ba. Ni zan soma magana. In ce ni ce ban duba ki ba, kuma in hwaɗi dalili. Ke kuma ki ce ba ki san kwalli yana cikin abin da aka hana ba, ki ce idonki ke ciwo.”

“Su kore mu tare ke nan.”

“Ba su korarmu. Kayan bai hita ba, ba wanda ya cutu. Madame Lina tana da zahi amma na san ta, abin da ta tsana shi ne ɓoyo. Zan roƙa a maida ki emballage, wajen sa kaya a kwali, can ba madubi. Jibi mu tahi likitan ido. Ina mai tabbatar maki tabarau na likita ne kawai kike buƙata, shekaru ne suka zo, ba makanta ba.”

“Zouera, ba ki gane ba…”

“Na gane sarai. Ki bar mini.”

“Ba za ta bar maki ba.”

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Hajiya Ameena ce tsaye, ta cika ƙofar da shaddarta, ba wanda ya ji shigowarta. Ta mayar da ƙofa ta murza makulli. Fuskarta ba fushi, kuma duk wanda ya san Hajiya ya san wannan ya fi fushin muni.

“Zauna, ɗiyata.”

Zouera ta zauna a ƙasa, kan dadduma.

“Na ji tsarinki. Tsarin yara ne. Kin san Nasara ko dai kina jin labarinsu? In ta buɗe baki ta ce ita ce, kahin la’asar sun karɓe mata katin shiga.”

“Hajiya, in sha Allahu…”

“Ban gama ba.”

Zouera ta sunkuyar da kai.

“Ke kina da CDI, aikin dindindin. Takardunki na shekara goma ne. Kina da diplôme, shaidar karatu, kina jin Faransanci kamar a nan aka yanke maki cibi. In sun kore ki yau, kahin wata ya mutu kin samu wani aiki. Ita in sun kore ta, jirgi za su sa ta. Kin ji bambancin?”

“Na ji, Hajiya.”

“To gobe ki tahi ki ce kwallin naki ne.”

Guɗar mata ta taso daga falo. Tanti Saha ta cusa fuska a cikin mayafi.

Abin ya yi wa Zouera ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Matar nan ita ta yi jinyarta lokacin da sanyin farko ya kwantar da ita, ita ta raka ta har tashar jirgi ranar da za ta koma Lyon. Da Hajiya ta ce ta ba da albashinta, da ɗakinta na unguwar Bron a Lyon, da kayan jikinta, wallahi da ba ta ja ba.

“Hajiya,” ta ce, idonta a ƙasa, “ke uwa ce gare ni. Ban taɓa ce maki a’a ba.”

“Kuma ba yau za ki soma ba.”

“Yau zan soma. Ki gahwarce ni.”

Hajiya ta ɗan karkata kai.

“Mi kika ce?”

“In na ce nawa ne, ni za a kora. To na tahi. Talata Tanti ta koma gaban madubi da idon da ba ya gani, ta goge hawaye, ta haɗa wani bututu. Wanga karo Allah ya sa labo mai gwajin kaya ta gani. Wani karo in ba ta gani ba hwa?”

“Za ta bar kwallin.”

“Idon hwa? Shi ma za ta bar shi? Hajiya, jaririn da ke hannun Nuriyya, ki dube shi. Waɗanda ake sa wa kayanmu ba su kai rabinsa ba. Ana zura musu shi har kusa da zuciya.”

“Kar ki sa mini jika a baki!”

“Su ma jikokin wasu ne.”

Hajiya ta yi taku biyu ta tsaya a kanta.

“Wa ya bar ta ta wuce ƙohwa? Ba ke ba?”

“Ni ce.”

“To ashe laihin naki ne.”

“Rabinsa nawa ne, kuma shi zan ɗauka, a gaban kowa. Ko sun rage mini matsayi, ko sun hidda ni daga ƙohwar, na yarda. Amma ba ni ɗaukar ƙarya in ɗora a kan sunana. A wanga aiki, Hajiya, in aka rubuta ka sa datti da saninka ka ɓoye, ba kamfanin da zai sake buɗe maka salle blanche daga nan har Marseille. Sunan nan shi kaɗai gare ni.”

“Sunan da kika yi a cikin gidana.”

“Awo. Kuma ke kika koya mini kar in ci amanar wanda ya yarda da ni. Ko a kanti ba ki yarda a sayar da atamfa mai tabo ba a nuna wa mai saye ba.”

Hajiya ta ja da baya. Karo na farko Zouera ta ga an ƙure ta, amma ba ta ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

“Ba zan yar da Tanti ba,” ta ci gaba a hankali. “In sun ƙi maida ta emballage, ni zan bi kamfanoni da ƙahwata har ta samu wani kahin ranar préfecture. Na yi alkawari a gabanki. Kuma don kar Shaiɗan ya shiga tsakani kahin gobe, yanzu zan kira Madame Lina. Ta ce duk mai magana ya kira ta ko Lahadi ce.”

Ta ciro waya.

Tanti Saha ta zabura ta riƙe mata hannu.

“Zouera, don Allah, don Annabi, kar ki kira!”

“Tanti, sake ni. Taimakonki nike.”

“Ki bari sai gobe! Yaya, ki hana ta!”

Hajiya ba ta motsa ba. Ta harɗe hannuwa a ƙirji.

“Bar ta ta kira,” ta ce. “Na ba ta hanyar mutunci ta ƙi.”

Da Zouera ta tsaya ta auna maganar nan, da ta ji wani abu a cikinta. Amma ta riga ta danna, ta kuma buɗe murya don kowa ya ji, kar gobe a ce ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Ƙara biyu aka ɗauka.

“Allô, Zouera?”

“Bonjour Madame, ki yi haƙuri na kira ki ranar hutu. Na gano inda baƙin garin ya fito, kuma ina so ki ji daga bakina.”

Da Madame Lina ta yi magana, muryarta a bushe take, ba irin wadda Zouera ta saba ji ba.

“Gara da kika kira da kanki. Jiya wata daga cikin tawagarki ta riga ki. Ta ce ta daɗe tana ganin mai sa abin, tsoro ne ya hana ta faɗa, saboda mai shi ce ke tsaron ƙofa.”

Zouera ta ƙara matso da wayar.

“Madame, ban gane ba.”

“Ta faɗi har inda ake ɓoye shi. Gobe za mu buɗe a gabanki da wakilin ma’aikata. Amma tunda ga ki, ki sauƙaƙa wa kanki. Zouera, mene ne naɗe a cikin abin sallarki, a casier ɗinki?”

Mutum ɗaya ce a duk kamfanin ke da makulli na biyu na casier ɗin, akwatin kayanta. Zouera da hannunta ta ba ta, tun ranar farko, don ta samu wurin ajiye jaka da abin salla.

Ta juya a hankali. Tanti Saha ta sulale ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu. Hajiya kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

“Zouera?” in ji Madame Lina. “Ina jin ki.”